Gahawar da Na Sha Ni Kaɗai

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga mahaifinki Alhusseini zuwa ga autata Rahamu. Gaisuwa mai yawa da addu'a. Allah ya kai ki Damagaram lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki sauka. Amin.

Bayan haka, na rubuta miki wannan da ajami don kin iya shi tun kafin ki shiga lakwal, makarantar boko, kuma ba na so wani ya karanta miki. Na ba yayarki Tima ta sa a cikin akwatinki, ta gaya miki ki buɗe sai motarku ta fita gari. Kin san ni da nauyin baki. Tun ranar da aka ce makarantar malamai ta karɓe ki nake shirya magana, amma duk lokacin da kika shigo gaishe ni sai in ce, "Kin ci abinci?" in yi shiru. To, yau ga maganar. Ba ni da wani labari da zan ba ki sai na gahawa, don duk rayuwarki da ƙamshinta kika san ni, kuma yawancin kurakuraina a gefen finjalinta na yi su.

Ba ki san inda na koye ta ba. Ina saurayi na bi ayarin gishiri zuwa Kawar. A hanya ƙaya ta shige mini ƙafa, na raina ta, ƙafar ta kumbura har na kasa takawa. Da muka isa Dirku madugu ya ce ba zai ɗauki gurgu ya ratsa yashi da shi ba, ya bar ni a gidan wani tsohon ɗan kasuwa mutumin Fezzan, ana ce masa Sidi Bashir. Nan na zauna har ayari na gaba ya zo.

Kowace safiya bayan an idar da salla sai tsohon nan ya fito da ɗan kasko ya ɗora a kan garwashi. Ya zuba ƙwayoyi masu launin ƙasa-ƙasa, ya dinga juyawa da hankali har su yi duhu su fara tsatso mai. Ranar farko ina kwance ƙafata na zogi, ƙamshin ya same ni a kan tabarma, na manta da ƙafar. Ya daka a ɗan turmi, ya sa citta da kanumfari kaɗan, ya tafasa, ya bar ta ta kwanta. Sannan ya miƙo mini finjali da dabino guda, ya ce da Hausarsa ta baƙi, "Yaro, dabino a kunci, gahawa a harshe. Sannu sannu."

Rahamu, na ci goro tun ina yaro, kuma na sha shayi a gidan ubana. Goro abokin tafiya ne, kana tauna kana aiki, ɗacinsa ya riƙe maka yunwa, in ka kora da ruwa ka ji zaƙi. Shayi kuwa mai cin lokaci ne, yana so ka shimfiɗa tabarma ka miƙe ƙafa, a zuba a juye har kumfa ta tashi. Amma gahawa dabam take. Tun kafin ta taɓa baki ta riga ta shiga kai. Kurɓar farko ɗaci, ta biyu sai ka ji kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a rufe. Ido ya washe, tunani ya jeru. Ba zan yi miki ƙarya in ce ban ji daɗinta ba. Cikin abubuwan da Allah ya halatta a sa a baki, ban san wanda ya kai ta ba, kuma har yau ban canza magana ba.

Sai dai akwai abin da na gani a gidan Sidi Bashir ban ɗauka ba. Tsohon nan ba ya shan gahawa shi kaɗai. In ta dahu sai ya leƙa ƙofa, duk wanda ya gifta ya kira shi, ko mai jan raƙumi ne ko tsohuwa mai tallan dabino. Wata safiya iska ta hana kowa fitowa, ni kuma zazzaɓi ya hana ni sha. Ina kallonsa ya naɗe butar a gefen rigarsa ya tafi da ita gidan maƙwabcinsa. Na koyi suya a wurinsa, na koyi daka da awon citta, amma wannan na baro shi a Dirku. In kin ga abu mai kyau a hannun mutane, ƴata, kada ki tsaya ga abin kawai. Ki duba yadda suke riƙe da shi.

Da na dawo Agadas na bar bin ayari, na zauna kasuwa ina sayar da dabino da kantun gishiri, na auri innarki Mariyama. A lokacin masu shan gahawa a garin nan ba su da yawa, Larabawan arewa ne sai Faransawa da masu yi musu aiki a buro, wato ofis. Ƙwayarta ma sai an yi cigiya wurin fatake. Wannan ƙarancin ya shiga kaina. Na fara jin kamar na san wani abu da ƴan unguwarmu ba su sani ba. In aka miƙo mini goro a wurin suna sai in sa a aljihu in ba wani. In aka kira ni shayi sai in ce ruwan sukari ne, na yara da mata. Mutane suna dariya, ni ma ina dariya, ban san ana ajiye maganar ba.

Kin san Baba Attahir, yayana, ko da yake kina ƙarama ya bar gari. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar ubanmu, shi ya nema mini auren innarki. Mutum ne mai goro, bakinsa kullum ja, aljihunsa ba ya rabo da ɗan tsumma mai laima da yake naɗe shi ciki. A kanki muka saɓa. Da aka zo rubuta yara lakwal na ba da sunanki, shi kuwa ya ce ba a taɓa yi ba a gidanmu, ƴa mace ta zauna gaban mushe, malamin lakwal, tana koyon yaren Nasara. Muka yi musu a zaure har murya ta tashi. Na ce ƴata ce, ya ce kafin ki zama ƴata ke jikar ubansa ce. Ya fita, muka daina gaisawa sai a masallaci.

A kan sa ki lakwal ban yi nadama ba, ko yau aka sake tambayata haka zan yi. Abin da ya biyo baya ne kuskurena.

Bayan an kwana biyu, wata ranar Juma'a da hantsi, ina zaure da wani baƙo, ma'aikacin buron kwamandan Faransawa, ina zuba masa gahawa. Ina jin daɗin a ga irin mutanen da ke zama a zaurena. Sai ga Yaya Attahir ya yi sallama. Ya sa rigarsa ta salla. Ya zauna a bakin tabarma, ya ciro tsummansa ya kwance, ga farin goro manya guda biyu, irin wanda ba a samu sai an aika Damagaram. Ya tura mini gabana ya ce, "Husseini, ga wannan. Na ji an ce yarinyar tana ƙoƙari."

Ke kin san abin da wannan ke nufi. Babba ne ya tako ƙafa ya zo gidan ƙaninsa da goro. Ba sai ya ce kome ba bayan haka. Abin da ya rage gare ni in ɗauka in fasa, in ba shi rabi in ci rabi, magana ta mutu.

Ni kuwa na dubi baƙona, na dubi goron, na ce, "Yaya, ai na daina cin goro, yana ɓata haƙora. Bari a zuba maka gahawa."

Wallahi ban faɗa don in wulaƙanta shi ba. So nake baƙon ya ga ni wayayye ne. Yaya ya dubi finjalin da na miƙa masa, bai karɓa ba. Ya naɗe goronsa a hankali, ya mayar aljihu, ya miƙe ya ce, "Allah ya ba mu alheri." Ina jin ƙarar takalminsa har ya sha kwana.

Innarki tana bayan ƙofa ta ji kome. Da baƙon ya tafi ta fito ta ce, "Malam, tashi ka bi shi yanzu. Ko a kan hanya ka tare shi ka ce ya ba ka goronka." Na ce zan je da yamma. Da yamma na ce gobe. Ina ganin yayana ne, ina zai je? Kafin damina ta faɗi ya kwashe iyalinsa ya koma Aderbissinat, ya kama sayar da hatsi ga makiyaya a bakin hanya. Na riƙa cewa in salla ta zo zan tafi in same shi. Salloli suka zo suka wuce. A shekarar da aka sauke tutar Faransa, gari na ta kiɗa da murna, wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya ƙofar rumfata ya ce mini tari ya kashe Attahir, har an yi sadakar uku.

Na je gaisuwa. Matarsa Zainabu ta karɓe ni da mutunci, ba ta tayar da abin da ya wuce ba. Da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Saboda haka ki ji ni da kyau. Duk wanda ya miƙo miki abu da niyyar alheri, ki karɓa da hannu biyu. Ko ba kya ci, ki fasa ki kai baki. Za ki zauna da ƴan boko, za ki koyi cin abinci da cokali da shan kafe, gahawar Turawa, da madarar gwangwani, ba laifi. Amma ranar da wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta ba ki ɓarin goro da ya yi kwanaki a ƙulle, ki sani duk abin da take da shi ne ta ba ki. Kuma in kin ɓata wa wani, kada ki bari rana ta faɗi. Magana zarar bunu ce, ni na zara, na tsaya jiran lokacin da ya dace har aka binne mutumin.

Kamyon da za ku shiga yana tsayawa Aderbissinat a sha ruwa. Na sa Tima ta ƙulla miki goro a cikin kayanki. Ki tambayi gidan Zainabu matar Attahir mai hatsi, kowa ya sani. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce ke ce Rahamu da aka sa lakwal. Ba sai kin ce ni na aiko ba.

Sauran maganar ta innarki ce, ita ce ta fi mini wuyar rubutawa.

Kin tuna shayinta na bayan la'asar. Ta share gindin bango inda inuwa ke sauka, ta hura furno, ɗan murhun gawayi, ta fasa sukari da ɗan guduma. Gwaggonki Habsu, ƙanwata, ta zo da saƙar tabarmarta, maƙwabta su leƙo, ku yara kuna jiran zubin ƙarshe mai zaƙi. Kullum in na dawo daga kasuwa sai ta ce, "Malam, ga na fari bai huce ba." Kullum in ce, "Ku sha abinku." In wuce ɗakina in rufe ƙofa, in dafa gahawata in sha ina jin dariyarku ta taga. A raina ina cewa hira ce ta mata, mene ne nawa a ciki.

Sau ɗaya ta ce in ɗanɗana mata abin nan da ya raba ni da mutane. Na zuba mata. Ta kurɓa ta yamutsa fuska, na yi dariya na ce, "Ai ba kowane baki ya san ta ba." Ta ajiye finjalin ta yi murmushi. Ba ta sake tambaya ba. Ban ba ta dabino ba, Rahamu. Ni da aka koya mini da dabino a kunci, na miƙa mata ɗacin tsura don in ga yadda za ta yi. Duk da haka ita ta karɓi suyar daga hannuna da ta ga hayaƙi na sa ni tari. Shekara da shekaru tana soya abin da ba ta sha, kuma ba ta taɓa ƙona ko ƙwaya ɗaya ba.

Ciwon da ya tafi da ita ya daɗe a jikinta. Wani ƙulli ne a ƙarƙashin haƙarƙari. Ni ban sani ba sai ranar da ta faɗi a bakin murhu. Muka kai ta gidan likita, lokotoro, wato likitan, ya duba ya ce an makara. Da muka fito na tsaya a inuwar bango ina cewa, "Ta yaya abu zai girma haka ba wanda ya sani?" Gwaggonki Habsu ta dube ni ta ce, "Yaya, wa ya ce ba a sani ba? Tun bara take faɗa mana a wurin shayi. Mun yi jiƙe-jiƙe, mun yi rubutu, mun ce ta gaya maka. Ta ce in ka zauna za ta faɗa. Ba ka zauna ba."

Ba ɓoye mini ta yi ba. Innarki ba mai buga ƙofa ba ce ta ce ga damuwata. Irin mutanen nan ne da sai an zauna, an sha na fari an sha na biyu, hira ta yi nisa, sannan maganar da ke ciki ta fito da kanta. Kullum tana shimfiɗa mini wurin da za ta gaya mini, kullum ina wucewa. Tsakanin ɗakina da tabarmarta bai fi taku kaɗan ba.

A kwanakinta na ƙarshe na zauna. Na ce Tima ta hura furno a ɗakin, na karɓi butar da kaina na yi shayin, ban iya ba, kumfa ta ƙi tashi. Innarki tana kwance tana kallona, ta ce, "Malam, ɗaga hannunka sama kaɗan." Na ɗaga, rabi ya zube a ƙasa. Ta yi dariya har ciwon ya tsayar da ita. Ta sha kurɓa biyu ta ce ya yi. Na sha sauran. Zaƙinsa ya yi mini yawa kamar yadda na saba faɗa, amma na shanye, na sake zuba wani.

Ban san inda rayuwa za ta kai ki ba, ko gidan wa za ki zauna, ko wane gari gwamnati za ta tura ki koyarwa. Duk inda ne, ki nemi wurin da mutanen gidan ke taruwa ki zauna, ko abin da ake sha bai yi miki ba. Ba don shayin ake zama ba. Masu ƙaunarki da yawa ba za su iya tsayar da ke a tsaye su gaya miki abin da ke cinsu ba. Ke kuma kin ɗauko halina, na lura. Kina son ɗaki da littafi da shiru. Ba aibi ba ne, da shi kika kai inda kika kai. Amma ki riƙa barin ƙofa a buɗe, in aka kira ki sau ɗaya ki fito.

Kada ki ɗauka ina hana ki gahawa. In kin samu mai kyau ki sha, ki ji daɗin da na ji. Ki soya da wuta marar ƙarfi, ki daka tana da ɗumi, kada ki bari ta yi ta tafasa har ƙamshin ya gudu. Ta gwangwani da ake zubawa a ruwan zafi, wadda na ga ma'aikata sun fara yayi, ba ta kai a kira ta da sunan ba, amma in an ba ki ki karɓa. Abu ɗaya, kada ki mai da ita bulalar karatu. Na ji an ce ɗalibai suna sha don su kori barci lokacin jarrabawa. Na yi irin wannan a shekarun da nake son in fi kowa a kasuwa, finjali bayan finjali, har hannuna ya fara rawa ina awo. Jiki ba jaki ba ne. In ya nemi hutu ki ba shi.

Yanzu ga abin da ya sa na matsu in rubuta. Watan jiya da na ce miki na je gaida wani a gidan likita, kaina na kai. Numfashina yana yankewa in na taka zuwa masallaci, ƙafafuna suna kumbura da yamma. Lokotoro ya sa abin saurarensa a ƙirjina ya daɗe, ya ce zuciyar ta gaji. Ya hana ni gahawa, ya hana ni gishiri, ni da na ci abinci da gishiri duk rayuwata. Na tambaye shi ko zan ga damina biyu, ya ce wannan sanin Allah ne. Na gane. Tima ta sani, Gwaggonki ta sani, na roƙe su su bar ni in gaya miki da kaina. Na so in faɗa miki baki da baki, na ga in na faɗa ba za ki hau kamyon nan ba.

Kada ki yi fushi da su, kuma kada ki juyo. Ina da masu dubana. Tima tana kawo mini kunu da safe, da la'asar ina fita gindin bango wurin Gwaggonki, ana ba ni na ƙarshe marar ƙarfi tare da jikoki. Ina cin abinci, ina salla a tsaye. Mai yiwuwa ki dawo hutu ki same ni a zaure ina faɗa da yara. In Allah ya nufa haka, alhamdu lillahi.

In kuwa labari ya same ki a tsakiyar karatu, ga umarnina, kuma shi ne na ƙarshe da zan ba ki. Kada ki taso. Kafin ki iso an riga an rufe ni, ba abin da za ki tarar sai tabarmi da mutane. Ki yi alwala ki yi mini addu'a a inda kike, ki yi kukanki, washegari ki shiga aji. Ki gama abin da kika je yi. Ranar da kika tsaya gaban yara mata kina koya musu, a nan ne za ki yi mini ta'aziyya.

Gobe ba zan raka ki wurin kamyo ba. Zan ce miki ƙafa ce, ina fata za ki yarda da ni a haka. In kin zo sallama za ki durƙusa kamar kullum, in sa hannu a kanki, ki tashi ki tafi, Allah ya sa kada ki waiwaya.

Na yafe miki duniya da lahira, ba ki taɓa ɓata mini ba. Ke ma ki yafe mini shirun da na yi muku. Allah ya yi miki albarka, ya tsare gabanki da bayanki, ya ba ki ilimi mai amfani da abokan zama masu tsoron Allah. Allah ya jiƙan innarki da Baba Attahir, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Allah ya sauke ki lafiya, autata.

Wassalam.

Mahaifinki,
Alhusseini, Agadas.